Tsohon da Yake Sauraron Hargowar Rana

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma. Surukina, mahaifin maigidana, ya riga mu tafiya ranar Talata da hantsi, yana kishingiɗe a rumfarsa, damina ta yi tsakiya, masara ta fara goyo. Ban taɓa kiran sunansa ba yana da rai, ba zan fara yanzu ba. Baba nake cewa, Baba zan ce.

Ni ina daga ciki wajen mata, amma tsakanina da zauren maza katangar laka ce kawai, ni kuwa kunne Allah ya ba ni a madadin karatu. Duk wanda ya shigo gaisuwa, tun daga jan takalminsa na san shi. Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Funtua da Bakori, manyan mutane da furfurarsu. Ɗaya ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Har yau in na ji an ce kimiyya, sai bayana ya hau ƙaiƙayi." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka tuna zaman makoki ake, aka haɗiye ta. Mai shagon kayan rediyo na Funtua, ɗan Ibo ne amma haihuwar can, Hausarsa ta fi tawa, ya dire buhun shinkafa a ƙofar gida ya tsuguna yana kuka. Liman ya ba shi haƙuri. Ya ce, "Malam, yanzu wa zai riƙa zuwa shagona yana zagina a kan waya marar kyau?"

Mutanen garinmu ma sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba, sun cika sahu. Amma gaisuwar tasu ta mai taka ƙaya ce. Ya haƙuri, da godiya, a shafa fatiha, a miƙe. A cikin gida wata baiwar Allah, tana tsammani hankalina na kan tukunya, ta ce wa ta kusa da ita, "Shi ne fa wanda aka ce." Ɗayar ta ce, "Bari ke dai, Allah kaɗai ya san gaskiya." Ba su ƙarasa ba, don kowa ya san ƙarashen. Infoma. Mai kai wa 'yan bindigar daji rahoto. Wannan suna ya bi Baba har kabari, kuma a ƙasarmu ba a binne shi tare da mai shi, gadonsa ake yi. 'Ya'yana sun sha jin "jikokin infoma" a bakin rijiya. Duk ranar da aka kai hari wani ƙauye, maigida ba ya leƙa ko ƙofar gida, don ya san in ran mutane ya ɓaci ba sa neman shaida, gidan da aka saba nunawa suke nufa. Shi ya sa nake so a san ko wane ne Baba, a kuma san aikin waccan waya ta bayan gidanmu.

Baba ba mutum ne mai sanyi ba. Wanda ya ce mai sanyi ne bai zauna da shi ba. Malamin kimiyya ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a makarantun sakandare tsakanin Funtua da Malumfashi, kuma bulalarsa ta riga shi suna. Da ya yi ritaya ya dawo gida, sai fushin ya rasa ɗalibai ya koma kanmu. In miya ta yi gishiri, kwanon ne zai dawo madafi ta sama. Takalminsa na dama ya fi na hagu saurin lalacewa, don shi yake jifa da shi. Ya jefi akuya, ya jefi maigida yana da 'ya'ya uku, ya taɓa jifan mai injin niƙa na unguwarmu a gaban mata masu jiran gari.

Wannan faɗa na mai injin, a kan rana aka yi shi. Baba ya kafa dogayen sanduna a gonar bayan gida, ya miƙa wayoyi biyu a kansu daga gabas zuwa yamma, ya jawo su zuwa wani rediyo a rumfarsa mai aiki da batirin mota. Ba labarai yake kamawa ba, ba waƙa ba. Can wani lungu yake murɗawa inda babu tasha, sai shuu kawai, kamar ana sheƙar dawa daga nesa. Daga hantsi zuwa la'asar yana zaune yana jin wannan shuu. In aka tayar da injin niƙa sai ƙararsa ta shiga wayar ta ɓata masa komai. Ya tafi da sandarsa ya ce a kashe inji da tsakar rana. Mai inji ya ce, "Malam, mutane su kwana da yunwa don kana hira da rana?" Takalmi ya tashi. Sai da mai unguwa ya shiga tsakani.

Suruki ba ya zama hira da matar ɗansa, ni ma ko inuwarsa na hango sai na kauce. To amma Baba malami ne, in bai koyar ba ciwo yake yi. Sai ya riƙa koyar da kajin tsakar gida, da ƙarfi, yadda za a ji a madafi.

"Ku kaji, kuna tsammani rana fitila ce aka rataye muku? Tukunya ce mai tafarfasa. Wani lokaci sai ta yi aman wuta, ta watso wasu 'yan ƙwayoyin lantarki da gudun da babu abin hawan da ya san shi. Kuma tsakaninmu da ita ba fili ne wayam ba. Akwai iska mai kwararowa daga jikinta ba dare ba rana, ba irin wadda ake shaƙa ba, iskar lantarki. In ƙwayoyin nan suka keta ta, sai ta kurma ihu. Ihun nan wayata take kamowa. Kun gane, ko sai na maimaita, jakai?"

Kaji ba su gane ba, ni na gane. Don na ji abin da kunnena. Shuu ɗin nan yana tafiya lami lafiya, sai kwatsam ya kumbura, kamar ruwa mai ƙarfi ya rufto kan kwanon ɗaki, har ƙirjin mutum ya amsa. Sannan ya ja jiki a hankali, a hankali, ya koma yadda yake. Walƙiya daban take, ƙas-ƙas take yi kamar an karya kara. Babur mai mugun fulogi shi ma daban. Baba ya gaya wa kaji dalilin da ya sa ihun yake zuwa farat ɗaya amma ba ya tafiya farat ɗaya. Ya ce iskar nan ba lafiyayya ba ce, kamar kogi ne ya kawo, nan juyi can guguwa, dambe ake yi a cikinta. Ita take wujijjiga ƙarar a hanya, wata ta iso da wuri, wata ta sha yawo kafin ta iso. Daga tsawon jelar ƙarar ake gane yadda hanyar ta hargitse. "Ku ɗaga kai ku ga sama shuɗiya ku ce zaman lafiya ake," in ji shi. "Yaƙi ake yi."

Mutum ɗaya ne yake zama da shi a rumfar, amininsa tun na yarinta, manomi, bai taɓa shiga aji ba. Zai zo da goronsa ya zauna ya ce, "To Malam, yau me uwar ɗakin taka ta ce? Za a yi ruwa?" Baba ya ce, "Ni ba boka ba ne, jahili." Shi kuma ya ce, "Boka ai ya fi ka, shi ana ba shi zakara." Haka za su yi ta yi har azahar. Babban ɗan aminin nan, Baba ne ya yi masa huɗuba ranar da aka haife shi, shi ya kai shi makaranta, shi ya zane shi a can.

Rana tana da hali, in ji Baba. Takan yi shekaru tana barci, ta yi shekaru tana hauka. Ya daɗe yana jiran ta farka. Ƙaddara ta sa farkawarta ta zo daidai da lokacin da ƙasarmu ta kama da wuta. 'Yan bindiga suka hana noma, suka hana barci. Hukuma ta sa aka katse layukan waya a yankinmu don kada infoma su riƙa kiran daji. Waya ta mutu a hannun kowa. Sai ga tsoho ɗaya a bakin gari da dogayen wayoyi a sama, yana zaune gaban rediyo kullum yana sauraron abin da babu wanda ya gane. Maigida ya roƙe shi ya sauke su ko na ɗan lokaci. Ya ce, "Shekara nawa ina jiranta, sai ta buɗe baki zan toshe kunne?"

Ranar da abin ya faru, da sassafe 'yan bindiga suka dira wata gona mai nisa, kai tsaye, kamar an yi musu kwatance. Suka kashe masu huɗa, suka kora shanu. Cikin waɗanda aka kashe har da ƙaramin ɗan aminin Baba. Baba bai iya zuwa maƙabarta ba saboda gwiwoyinsa, maigida ya tafi a madadinsa. Rana ta take tsaka ina tsakar gida, sai na ji ƙasa tana amsa ƙafafu. Daga maƙabarta mutanen gari suka yo nan, ƙasar kabari ba ta bar hannuwansu ba. A daidai lokacin kuma rediyon ya ɗauki ruri, irin wanda ban taɓa ji ba.

Ban ga fuskar kowa ba, ina bayan zana. Amma murya ta farko na san ta kamar ta ɗana. Babban ɗan aminin ne.

"Kun ji ko? Ga shi nan yana magana da su! Infoma ne!"

Na ji Baba ya ce, "Kai, ɗan nan, cire ƙafarka daga kan wayata." Bai roƙe su ba, tsawa ya yi musu kamar yana aji. Sai gora ta sauka. Gora a kan mutum ba ta ƙara irin ta kan jaki, ƙarar a dunƙule take. Na ji an daki rediyon da gatari ya yi shiru. Na ji kujerarsa ta karye. Na ji an ja shi a ƙasa, rigarsa tana kecewa, wani yana cewa a fito da shi fili. Maigida ya kutsa yana rantse-rantse, aka fasa masa baki aka danne shi. Wani ya juya gindin bindigar toka ya sauke wa Baba a kunnen dama, ya sake a na hagu. Na fasa ihu, mata suka rirriƙe ni. Sai na ji warin fetur. Na ji ana gangaro da taya, wani yana tambaya wa ke da ashana.

Abin da ya hana, aminin ne. Tsohon da ya gama zuba wa ɗansa ƙasa yanzun nan. Ya ratso mutane da rarrafe ya kwanta a kan Baba, ya rufe shi da jikinsa. Gorar da ta biyo baya a hannunsa ta sauka, na ji ƙashin ya ce ƙas, kuma ɗansa ne ya sauke ta. Tsohon ya ce, "Ku zuba fetur ɗin. Na binne ɗaya da safe, ku haɗa ni da wannan ku huta." Babu wanda ya ƙara motsi. Ɗaya bayan ɗaya takalma suka ja baya.

A kan babur aka kai su asibiti Malumfashi, su biyu. Jami'an tsaro sun kwashe tarkacen rediyon, suka duba, suka ce wa maigida wannan ba ya aika magana, kamawa kawai yake yi, kunne ne ba shi da baki. A cikin ofis suka faɗa, mutum uku suka ji. Ihun infoma kuwa har bakin kasuwa an ji shi. Aminin bai ƙara damina biyu ba ya rasu, shi ke nan wanda zai tsaya mana ya tafi.

Baba ya dawo gida da kunne ɗaya matacce, ɗayan kuma sai an yi kururuwa a cikinsa. 'Ya'yansa suka ce a koma Funtua. Ya ce wanda ya gudu ya amsa laifi. Ɗan Ibon nan ya kawo wani rediyo a cikin kwali, Baba ya duba ya ce wayar ba ta da kyau, ya karɓa. Ya sa aka sake kafa sandunan, suka fi na da tsawo. Sai ya zauna gaban rediyon ya ɗora tafin hannu a kan lasifika, ko zai ji motsi. Rana ta shiga shekarun haukarta sosai, tana ihu a tsakar gidanmu, ni ina ji daga madafi, kaji suna ji, shi da ya jira ta yana zaune yana kallon ƙasa. Wannan ya fi dukan ciwo.

Kira ba zai ji ba. Zuwa in taɓa shi kuwa, ina! Sai wata rana na kwance igiyar shanya, na zura ta ta ƙasan zana, na sa maigida ya ɗaura masa ɗaya bakin a hannu, ni na ɗaura ɗayan a nawa. Da ƙarar ta taso na fizga. Na riƙe da ƙarfi muddin tana ruri, da ta fara ja da baya na riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan har ta ɗauke. Can na ji ya share murya ya ce wa kaji, "A gaya wa mutanen madafi, jelar nan sun yi saurin sakinta. A riƙa bi a hankali." Godiyar ke nan. Daga ranar, ina tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana wurin Baba.

Akwai ranar da na kwance igiyar na shiga wanka, akuya ta sarƙe a ciki ta yi ta fizge-fizge. Na fito na tarar da shi tsaye yana kabbara, wai tunda yake bai taɓa ganin irin wannan ba, yau rana ta tsage. Da ya leƙo ya ga akuya, takalman biyu duka suka tashi. Akwai kuma ranar da maigida ya ɗaga mini murya a kan abin da bai kai ya kawo ba. Baba bai ji ba, amma ya ga bakinsa. Ya kira shi ya ce, "Ka ƙara yi mata tsawa sai na karya ka. Kunnena ne kake wa ihu a ciki." Da sanyi ya kama ni kunnena ya toshe, shi da gwiwoyin nan nasa ya hau babur har Malumfashi ya sayo magani, ya ajiye a bakin zana ya ce wa kaji a ɗiga sau biyu.

Maganar dukan kuwa bai taɓa tayar da ita ba. Ko ya yafe, ko bai yafe ba, bai gaya wa kaji ba.

Washegarin rasuwa na ji maigida yana wasa adda. Ya ce sandunan zai sare kafin sadakar uku, mu huta. Na ce, "In ka sare su yau, gobe za a ce mun ɓoye shaida. Bari a yi ukun." Ya ce, "Ke ba ke za a saka wa taya ba." Gaskiyarsa ce. Amma ya ajiye addar.

Ranar uku zaure ya cika har waje. An gama addu'a ana raba waina, sai na ji jan takalmin da ban ji a ƙofarmu ba tun waccan rana. Ɗan aminin ne, yanzu shi ne babba a cikin 'yan sa-kan garinmu, ana tashi a ba shi wuri. Ya gaisa, ya yi ta'aziyya, sannan ya ce, "Allah ya jiƙansa. Abin da ya wuce ya wuce. Mu dai mun yafe masa."

Mun yafe masa. Ludayi na hannuna, ban san lokacin da na isa bakin ƙofar zaure ba. Tunda aka kawo ni gidan nan maza ba su taɓa jin muryata a zaure ba. Na tsaya daga bayan ƙyaure na yi sallama.

Na ce, "Malam liman, a yi mini afuwa. Yaya, me ya yi maka da ka yafe?"

Maigida ya ce, "Ke, koma ciki." Liman ya ce a bar ni.

Na ce, "Ni ban ga kowa ba ranar nan, amma na ji. Kai ka fara faɗa. Jami'ai sun ce rediyon ba shi da baki, ka sani, don kana cikin ukun da aka gaya wa. Shi ya tafi, ba abin da zai ƙara samunsa. Amma ka bar sunan a wuyan ƙaninka maigidana da 'ya'yansa. In gobe aka kai hari, nan za a zo."

Ya ce, "To ƙanena da aka kashe fa? Wa ya nuna musu gonar? Wani ne ya nuna!"

Na ce, "Wallahi ban sani ba. Da na sani da na faɗa, ko ubana ne. Amma ba shi ba ne."

Wani daga cikin yaransa ya ce, "Oga, tashi mu tafi, mace ce." Bai tashi ba. Can ƙasan maƙoshi, yadda ko na kusa da shi bai ji ba, ya ce, "Ba shi ba ne."

Na ce, "Ni na ji, Yaya. Amma ba ni ce zan zo da fetur ba. Ɗaga murya."

Na ji tabarma ta motsa, ya miƙe tsaye. Ya ce, "Jama'a, Malam ba infoma ba ne. Waya na gani, ban ga komai ba bayan ita. Raina ne ya ɓaci na faɗa. Ni na karya hannun ubana a kansa." Liman ya ce na waje ba su ji ba, ya fita ƙofar gida ya maimaita. Ya fita ya maimaita. Na ji takalma biyu ko uku sun bar wurin da fushi, sauran suka zauna.

Ni kuwa na sulale a bayan ƙyauren. Tun ranar Talata ban yi kuka ba sai a nan.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa zafin ransa, ya haɗa shi da amininsa inda babu mai raba su. Allah ya jiƙan yaron da aka kashe a gona, wanda har yau ba a san wanda ya nuna shi ba. Mu da muka rage, Allah ya tsare bakunanmu daga faɗin abin da idonmu bai gani ba.